Ɗigo Goma Sha Bakwai

Shekara uku ke nan ina riƙe da wannan labari ban rubuta shi ba, kuma ba komai ya hana ni ba sai kunya. Mutumin da ya shafe rabin rayuwarsa yana koya wa ɗalibai bambancin kalma da ƴar'uwarta, da wuya ya so a ji cewa harafi guda ya taɓa kayar da shi, har ya kusa cutar da ƴarsa da hannunsa. To amma ku ne kuke yawan tambayata, wai me nazarin harshe yake tsinana wa mutum bayan ya fita daga aji. Ga amsar da nake da ita, a gefen gadon asibiti kuma na samo ta.

Cikin watan Satumba ne, damina ta yi nisa, gero ya nuna, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake cika asibitocin ƙasar Maraɗi da yara. Autarmu, tana da shekara huɗu a lokacin, ta kwana biyu jikinta da zafi. A rana ta uku ta fara amai, duk abin da aka ba ta sai ya dawo, ko ruwa ba ya zama. Muka kai ta asibiti da la'asar. Aka ɗora ta a sikeli, kilo 14. Aka ɗebi jininta aka auna, aka ce zazzaɓin ya yi tsanani, jinin kuma ya ragu. Aka yi mata allura, likita ya rubuta a yi mata ƙarin ruwa tun da cikinta ba ya riƙe komai. Da ƙarfe 7, bayan an fito daga sallar magariba, malamar asibiti ta kafa allura a bayan hannun yarinyar, ta rataye ledar ruwa a ƙarfen da ke gefen gado, ta murza wata ƴar taya da ke jikin tiyon tana duban agogonta, sannan ta ɗauki alƙalami ta rubuta a kan ledar: 500 ml / 10 h. Ta wuce gado na gaba, domin ita kaɗai ce a ɗakin a daren nan. Uwar yarinyar ta koma gida duba sauran yara, aka bar ni ni ɗaya.

Ni da Faransanci na yi karatun boko, kamar yawancin sa'o'ina a nan Nijar. A Faransanci harafin h yana wakiltar kalma ɗaya mai nufin abu biyu: lokacin da agogo ya nuna, da kuma tsawon lokacin da abu zai ɗauka. In ka ga 10 h a takardar gayyata, ƙarfe goma ake nufi. In ka gan shi a jikin ledar ruwa, awa goma ake nufi. Idona ya saba da takardun taro da jadawalin darussa, saboda haka na karanta ƙarfe goma, na gyara zama ina jiran ƙarfe goma.

Da ƙarfe 9 ta yi na ɗaga kai na dubi ledar, sai na ga abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. A jikinta akwai zanen awo, ruwan ya sauko daga 500 zuwa 400 kawai. Can ƙarƙashinta, a cikin ɗan kurtun roba mai haske da ke tsakanin leda da tiyo, ɗigo yana faɗowa ɗis, a jima, ɗis, kamar yoyon rufi bayan an ɗauke ruwa. Ga yarinya kwance, leɓɓanta a bushe. Na yi tunanin da na ɗauka na mai hankali ne: awa biyu ta ci kashi ɗaya cikin biyar, saura awa ɗaya, saura kashi huɗu, lalle wani abu ya toshe, ko kuwa an manta da mu. Na leƙa, na hango malamar a ƙarshen ɗaki ta duƙufa a kan wani yaro da ke ta jijjiga. Na ce a raina bai kamata in janye ta daga wancan ba saboda ɗan abin da zan iya gyarawa. Na sa babban yatsa na murza tayar. Ɗigon ya bar tafiya ya koma gudu. Na koma na zauna, ina jin na yi abin kirki.

Kamar minti ashirin bayan haka malamar ta zo wucewa da tire a hannu. Kafin ta dubi yarinyar, kurtun ta fara duba. Ta ajiye tiren, ta kai hannu ta murza tayar har ruwan ya tsaya cak.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne, Malama. Na ga ƙarfe goma ta kusa, ruwan kuma bai yi nisa ba."

"Awa goma na rubuta, Malam. Da ƙarfe goma na dare nake nufi, ai 22 zan sa."

Na san haka sarai, kullum haka muke rubuta lokutan dare, amma tsoro ya rufe mini wannan sanin. Ba ta ƙara mini ko kalma ba. Ta ɗaga rigar yarinyar ta ƙirga numfashinta minti guda cur, ta dubi fatar idanunta ko ta kumbura, ta sa abin sauraren ƙirji a bayanta hagu da dama, sannan ta aika aka kira likitan da ke tsaron dare. Shi ma ya daɗe yana saurare. Ya ce ruwa bai taru a huhu ba, Allah Ya kiyaye. Ya ba da umarni a rage gudun yadda sauran zai kai asuba, a kuma riƙa duba ta kowane rabin awa. Ban taɓa ganin dare mai tsawon wannan ba.

Wajen ƙarfe 2 ɗakin ya ɗan lafa, ta dawo ta zauna a bakin gadon. Na ɗauka faɗa za ta yi, don na cancanci faɗa. Sai ta ce, "An ce kai malami ne a jami'a. Miƙo takardar nan." Ta juya takardar magani, ta shiga rubuta lissafi a bayanta, tana yi tana faɗa da Hausa, tun da ta lura Faransanci ne ya kai ni ya baro. Abin da zai biyo baya darasinta ne. Nawa shi ne jera shi, da ƴan abubuwan da na karanta daga baya na ƙara.

Da ma'auni ta fara. Lita ɗaya mililita 1000 ce. Ledar da aka rataya mana rabin lita ce, wato mililita 500, daidai da ledar ruwan sha ta bakin titi wadda aka buga wa 50 cl, domin santilita ɗaya mililita goma ce. Haruffan cc da tsofaffin ma'aikata suke faɗa har yanzu, su ma mililita suke nufi, ba ƙari ba ragi. Ƙaramin cokalin awon magani mililita 5 yake ɗauka, babba kuma 15. Ke nan 0,5 l da 50 cl da 500 ml da 500 cc abu ɗaya ne ya sake riga sau huɗu. Ƙa'idar farko ita ce a mayar da kowane awo zuwa mililita kafin a taɓa wani lissafi, a kuma mayar da kowace awa zuwa minti 60.

Daga nan ta nuna mini inda goman nan ta fito. Ruwan da jikin yaro yake bukata a yini da kwana, in ba ya ci ba ya sha, da nauyinsa ake auna shi. Kilo goma na farko, kowane kilo mililita 100. Kilo goma na biyu, kowane kilo 50. Abin da ya haura kilo 20, kowane kilo 20. Wasu likitocin yara biyu na Amurka, Malcolm Holliday da William Segar, su ne suka fitar da wannan ƙa'ida a 1957, kuma har yau da ita ake farawa, ko da yake likita yakan rage ko ya ƙara gwargwadon ciwon da ke gabansa. Autarmu kilo 14 ce: goman farko sun ba da 1000, huɗun da suka rage sun ba da 200, jimla 1200 cikin awa 24. A raba da 24, a sami mililita 50 a kowace awa. Leda mai 500, in ana rage mata 50 kowace awa, awa goma za ta yi. Ashe tun daga sikelin da aka ɗora yarinyar da la'asar aka san cewa ruwan nan sai asuba.

Sai dai babu mai iya ganin mililita tana shiga jijiya. Abin da ido yake gani ɗigo ne, shi ya sa aka yi kurtun nan mai haske. Girman ɗigo kuwa ya danganta da faɗin bakin da yake fitowa, saboda haka kowane tiyo yana zuwa da adadinsa a buge a jikin takardar da aka naɗo shi. Tiyon da aka fi amfani da shi a asibitocinmu, ɗigo 20 ne suke cika mililita ɗaya. Na ƙarin jini yawanci 15 ne. Akwai kuma na jarirai, mai siririn bakin ƙarfe kamar allura, wanda sai ɗigo 60 suke yin mililita ɗaya. Wanda ya yi lissafi da 60 alhali tiyonsa mai 20 ne, ya ba mara lafiya ninki uku na abin da aka rubuta, kuma agogonsa da ƙirgarsa duk za su shaida masa cewa daidai yake.

Ga ƙa'idar kamar yadda ta faɗe ta: a ɗauki yawan ruwan a mililita, a ninka shi da adadin ɗigon tiyo, a raba da yawan mintocin da aka ɗibar masa. 500 sau 20, ɗigo 10000 ke nan a cikin ledar. Awa goma minti 600 ce. In an raba 10000 da 600 a sami 16 da kashi biyu cikin uku, tun da kuwa ba a tsaga ɗigo, sai a cika shi 17. Ɗigo 17 a minti, wato kusan ɗaya a kowane sakan uku da rabi, shi ne ɗis ɗin nan da na raina. Ta ƙara mini da gajeriyar hanyar da suke bi in aiki ya yi musu yawa. Da tiyo mai 20, a raba ruwan awa ɗaya gida uku, abin da ya fito shi ne ɗigon minti. Da mai 15, a raba gida huɗu. Da mai 60 kuwa babu rabawa, adadin mililita a awa shi ne adadin ɗigo a minti. Dalilin a fili yake: mintoci sittin na cikin awa ake rabawa da adadin tiyon.

Sannan ta miƙo mini alƙalamin, ta sa na lissafa abin da na aikata da hannuna. Na so mililita 400 su shige cikin minti 60. 400 sau 20, a raba da 60, ɗigo 133 a minti, kusan ninki takwas na abin da likita ya rubuta. A minti ashirin ɗin da tayar ta yi a buɗe, mililita 130 sun shiga, ruwan da ya kamata ya ɗauki fiye da awa biyu da rabi. Ta ce jinin da ke jikin yaro mai wannan nauyi gaba ɗaya bai wuce lita ɗaya da ɗan kai ba. Da ledar ta ƙare yadda na so, da na zuba mata abin da ya fi sulusin jininta cikin awa guda, a kan zuciyar da zazzaɓi da ƙarancin jini suka riga suka gajiyar. Ruwan da zuciya ta kasa turawa kuwa a huhu yake taruwa, yaro ya riƙa haki kamar wanda ya faɗa kogi alhali yana kan gado. Mililita 270 da suka rage, likita ya shimfiɗa su a kan minti 450 da ke tsakanin tara da rabi na dare da biyar na asuba, lissafi ya ba da ɗigo 12.

Na ce mata, to ashe gudun ruwa haɗari ne. Ta girgiza kai. Ta ce da kwalara ce ta kawo yarinyar, jiki ya bushe idanu sun faɗa, da gudun da na yi ma ya yi kaɗan. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ga wanda ya wuce shekara ɗaya, wanda amai da gudawa suka ƙarar masa da ruwan jiki, shi ne mililita 100 ga kowane kilo cikin awa uku: 30 a rabin awar farko, 70 a awa biyu da rabi da suka biyo baya. Ga mai kilo 14, mililita 420 ke nan cikin minti 30, ɗigo 280 a minti, abin da ido ba ya iya ƙirgawa. Kwalara ce ma ta haifi wannan hanyar magani. A 1832 wani likita mai suna Thomas Latta, a garin Leith kusa da Edinbara a Birtaniya, ya zuba ruwan gishiri a jijiyar masu kwalara da suka kai gargara, ya ga wasunsu sun farfaɗo. Amma a 2011 an buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a Yuganda da Kenya da Tanzaniya kan yara fiye da 3000 masu zazzaɓi mai tsanani, fiye da rabinsu na cizon sauro, aka tarar waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa da sauri tun farko sun fi mutuwa cikin kwana biyu, a kan waɗanda aka bi da su a hankali. Yaro mai tamowa kuwa, saboda raunin zuciyarsa, ba a sa masa ruwa ta jijiya sai in ya zama dole. Leda iri ɗaya, nauyi ɗaya, amma gudun da zai ceci wannan shi zai kashe wancan, kuma mai jinya ba shi da hanyar bambance su da ido.

Saboda haka hannun mai jinya ba shi da hurumi a kan tayar nan, ko da ya haddace lissafin. Abin da yake nasa ido ne da baki. Ya tambaya tun da farko, ɗigo nawa a minti, kuma yaushe ledar za ta ƙare. Ya san cewa gudun yakan sauya da kansa: in an ɗaga ledar sama ya ƙaru, in yaro ya lanƙwasa hannu ko ya danne tiyo ya ragu, in allura ta goce daga jijiya wurin ya kumbura. In ya ƙirga minti guda ya ga adadin ya yi nisa da wanda aka faɗa masa, ko ruwan ya tsaya, ko ledar ta kusa ƙarewa, ko numfashin yaron ya yi sauri, ko fatar idonsa ta kumbura, to ya tashi ya kira ma'aikaci, komai nisansa. A ɗakin da ma'aikaciya ɗaya take tsaron gadaje da yawa, mai jinyar da ya san abin da yake kallo taimako ne babba. Wanda ya san rabi, irina na daren nan, shi Bahaushe yake nufi da ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Yanzu bari in dawo gonata. Kafin ta tashi, malamar ta ce, "Ni ma da nawa laifin. Da na ce maka sai asuba zai ƙare, da ba ka taɓa ba." Wannan magana ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin gaskiya ce ta harshe. Abin da Faransanci ya haɗa a kalma ɗaya, Hausa ta raba shi biyu. Ƙarfe goma lokaci ne na agogo, awa goma kuwa tsawon zama ne, babu Bahaushen da zai ruɗa su. Da an faɗa mini umarnin da harshen da na sha a nono, da tarkon bai kama ni ba.

Amma kada mu yi wa Hausa kirarin da ya wuce gona da iri, ita ma tana da nata ramukan, kuma ku ne za ku yi aikin cike su. Na farko shi ne daƙiƙa. A Larabcin da muka aro ta, minti take nufi, wasu dattawa ma haka suke amfani da ita, amma marubuta da yawa a yau sakan suke nufi da ita. Tsakanin ɗigo 17 a minti da ɗigo 17 a sakan akwai ninki sittin. A gefen gado a ce minti, a ce sakan, a ajiye daƙiƙa don waƙa da labari. Haka sa'a: tana nufin awa, tana nufin lokaci, tana nufin dace. A ce awa.

Na biyu shi ne ƙirgar kasuwa. Mu a Nijar da dala muke ƙirga kuɗi, kowace dala kuwa faran biyar ce. In mai tumatir ta ce maka ɗari, takardar da aka buga wa 500 za ka miƙa mata, jika kuma 1000 ce. Kunnen da ya saba da wannan, in ya ji ɗari biyar, zai iya ninkawa da biyar ba tare da ya sani ba, in kuma ya ga 500 a rubuce ya kira ta ɗari. Dole mai fassara ya riƙa manne sunan ma'aunin da adadin kowane lokaci, ya ce mililita ɗari biyar, wato rabin lita, kada ya bar adadi tsirara.

Na uku shi ne ma'aunanmu na gado. Tiya da mudu da ludayi da moɗa da kwalba duk suna aiki a kasuwa, inda mai saye da mai sayarwa suke kallon ma'auni ɗaya, amma girmansu yana sauyawa daga gari zuwa gari, har daga gida zuwa gida. Garin nan na gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, wanda aka rubuta a dama shi a lita ɗaya, in uwa ta dama shi a kwalbar da ba ta wuce rabin lita ba, ta ninka ƙarfinsa biyu, maimakon magani ya zama cuta. Faɗin "kwalba ɗaya" bai isa ba sai an nuna wace kwalba.

Na huɗu yana cikin kalmar ɗigo kanta. Daga aikatau ɗiga ta fito, ƴar'uwar ɗiɗɗiga da ɗis. Ita ce ta ruwa, ita ce kuma ta alƙalami, wadda take raba harafi da harafi a ajami, ita ce har wa yau ta lissafi in muka ce sifili da ɗigo biyar. To amma a rubuce, mu nan waƙafi muke sawa, 0,5, ƴan'uwanmu na Katsina kuwa ɗigo suke sawa, 0.5, su ajiye waƙafi don raba dubbai. Abin da ɗan Katsina ya rubuta 1,000 yana nufin dubu, ɗan Maraɗi zai iya karanta shi ɗaya. Marasa lafiya kuwa kullum suna ƙetare iyakar nan ta Jibiya da Ɗan Isa da takardunsu a hannu. Shi ya sa kuka ga na rubuta dubban da ke cikin wannan rubutu a haɗe, ba ɗigo ba waƙafi.

Na taɓa so in raɗa wa kurtun nan suna, bisa tsarin da kuka sani na sunan wuri, irin na makaranta da maƙera da majema. Daga ɗiga sai maɗiga. Na faɗa wa uwar yarinyar ina ta jin kaina, ta yi dariya ta ce sunan yana da mai shi, maɗiga ai ita ce tattausan wurin nan na tsakar kan jariri. Na san kalmar, zumuɗin ƙirƙira ne ya mantar da ni. Faɗawar maɗiga kuma tana cikin alamun da ma'aikatan lafiya suke dubawa in ruwan jikin jariri ya yi ƙasa, saboda haka da na dage a kan ƙirƙirata, da na shigo da ruɗani daidai ɗakin da ake bukatar kalmar da ma'anarta ta asali. Na haƙura na ce kurtun ɗigo, aro daga kurtun tawada. Duk wanda zai ƙirƙiri kalma, ya fara tambayar matan gida ko tana da mai ita.

Ga aikin da nakan ba ɗalibaina, ku ma ku gwada. Lita ɗaya cikin awa takwas da tiyo mai 20. Jini mililita 250 cikin awa huɗu da tiyo mai 15. Mililita 120 cikin awa huɗu da tiyo mai 60. Amsoshin su ne 42 da 16 da 30, kuma yawancin ɗalibai sukan same su. Inda suke faɗuwa shi ne kashi na biyu, in na ce su faɗa wa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba abin da ya kamata ta sani, a jimla ɗaya ko biyu. Sai su cika ta da kalmomin aro da adadi. Amsar da ta fi gamsar da ni har yau ita ce ta wata ɗaliba da ta rubuta: "Iya, ruwan nan sai an kira assalatu zai ƙare. In kin ga ya tsaya ko yana gudu, ki kira ni, kada ki taɓa." Babu mililita a ciki, amma sai wanda ya fahimci lissafin duka zai iya faɗarta.

A daren nan ban sake runtsawa ba. Na riƙe agogon wayata ina ƙirgawa, goma sha biyu, goma sha biyu, wani minti goma sha ɗaya, gabana ya faɗi, na gaba ya dawo daidai. Hannuwana kuwa na cusa su a aljihu. Ladan yana kiran sallar asuba ledar tana lotsewa, malamar ta zo ta rufe tayar, ta sake sauraren bayan yarinyar, ta gyaɗa kai. Da gari ya waye autar ta buɗe ido ta ce, "Baba, kunu." Aka ba ta cokali uku, suka zauna. Bayan kwana uku aka sallame mu.

Takardar maganin nan mai lissafi a baya tana nan a cikin ƙamus ɗin da ke kan teburina, rubutun malamar a sama, nawa a ƙasa. Na yi malamai da yawa kafin in kai inda na kai, ina kuma ƙirga ta a cikinsu. Allah Ya saka mata da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.